Akwatin da Ya Riga Mai Shi Isowa

Allurar keken ɗinki ce ta haɗa su. Wata safiya a farkon shekarar 1957, Maijidda, 'yar Malam Gwadabe tela, ta shigo ɗakin shan magani na Tudun Wadar Zariya da yatsa a naɗe cikin gefen mayafi, allura ta karye a ciki. Salmanu, dispensan wurin, ya ɗauko hantsaki.

"Ki kalli bango, kada ki kalli hannuna," in ji shi.

"Bangon me? Yatsana zan kalla, kada ka cire mini shi gaba ɗaya."

Dariya ta ƙwace masa har sai da ya ajiye hantsakin. Ya ce ta dawo wankin ciwo bayan kwana uku. Sau biyar ta dawo, alhali kuwa tun zuwa na biyu yatsa ya warke sumul.

Da magana ta kai kunnen Malam Gwadabe, sai ya tamke fuska.

"Mutumin da yake wuni cikin gyambo da amai? Wata rana cuta zai kwaso ya kawo miki ɗaki. Ga Kailani mai shagon yadi yana ta zarya, shi me ya yi?"

"Bai yi komai ba, Baba. Ni dai ba shi ne a raina ba."

Tsohon ba mai tilasta wa 'ya ba ne, amma taurin kai kam Allah ya ba shi. Bai sauko ba sai da aka zaɓi Salmanu cikin ma'aikatan lafiya masu raka alhazai a jirgin sama. Ranar ya ce, "To, in ya dawo, a turo manya."

Maijidda ta yi sati biyu tana ɗinka masa hula da koren zare. Daga filin jirgin Kano ya aiko mata da 'yar wasiƙa:

"Jiddata, ga jirgin nan a gabana, wallahi gabana faɗuwa yake. Hularki tana kaina. In ba harami ba, babu abin da zai sa na cire ta. Ki kula mini da yatsan nan. Naki, Salmanu."

Ana cikin damina, bayan babbar salla, akwatin rediyo ya fara kawo labari marar daɗi. Wata mura mai zafi ta ɓarke cikin alhazai, tana kayar da mutane rututu. Sai aka ji an tsayar da jirage. Waɗanda suka riga suka sauka Kano kuma an killace su, ba shiga ba fita, kada su watsa cutar cikin gari. Mutane suka riƙa cincirindo a gindin rediyo, kowa da nasa a can. Maijidda ta daina cin abincin kirki.

Ran nan sai ga akwatin ƙarfen Salmanu a jirgin ƙasa, da sunansa a jiki, babu wasiƙa, babu ɗan saƙo. Kowa ya san abin da wannan ke nufi. Kayan alhaji ba sa riga shi gida sai in abokan tafiya sun binne shi a can, sun tattaro abin da ya bari. Inna Talatu, mahaifiyarsa, ta dafa akwatin ta sulale ƙasa. Kafin azahar an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida ana karɓar gaisuwa.

Maijidda ta yi kuka har muryarta ta dashe. A kwana na uku Kailani ya zo yi wa Malam Gwadabe jaje, ya kuma bar turmin atamfa a zaure. Ta ce a mayar masa da abinsa.

Ana gobe sadakar bakwai, ta yi abin da ba a yi. Ta yafa mayafi ta shiga gidan surukai, ita da ko a hanya ta hango Inna Talatu sai ta canza lungu. Mata suna surfen geron gumba suka saki taɓare suna kallonta. Ta durƙusa.

"Inna, ki gafarce ni. Ina so in ga kayan."

"Wayyo 'yar nan, me za ki gani in ba ƙarin ciwo ba?"

Amma ta buɗe mata. Ga farar rigar aikinsa, ga harami a ninke, ga goran zamzam, ga dabino da carbi. Maijidda ta zazzage komai har ƙasan akwati.

"Inna, ina hular? Ina takalmansa?"

Matan suka kalli juna. Maijidda ta ci gaba:

"Mamaci da likkafani kaɗai ake sa shi. In da ya rasu, da an haɗo hular da takalman. Yana sanye da su ne, Inna. Wallahi Salmanu yana tafiya da ƙafarsa!"

Wata dattijuwa ta ce, "Kayya, yarinya, a hargitsin nan hula ai sai ta ɓace." Inna Talatu ta ƙanƙame hannun Maijidda. Yarinyar ta koma gida gabanta na dukan uku-uku, don ita ma ta san hula tana ɓacewa.

Labari ya riga ta isa. Malam Gwadabe yana kan keke, ko ɗagowa bai yi ba.

"Kin ba ni kunya a gari."

"Na sani, Baba."

Ya daɗe yana taka keken. Can ya tsaya, ya yanke zare da haƙori.

"Amma na sha haɗa kayan waɗanda suka rasu. Takalmi ake fara ɗauka." Ya zura nasa takalman, ya tafi da kansa ya roƙi dangin Salmanu a ɗaga sadakar da kwana uku. Wasu suka ce tsufa ya fara taɓa shi.

A kwana na biyu da ɗaga sadakar, da hantsi, wani tsoho mai suna Alhaji Nagoda ya zo gidan Inna Talatu daga Tudun Jukun, yana dogara sanda. Jiya aka sallame su daga Kano. Da ya ga tabarmi a ƙofar gida sai ya yi salati.

"Wa ya rasu? Salmanu? Subhanallahi! Ai kujerarsa ya ba ni a jirgin ƙarshe, bayan an riga an loda kaya. Ya ce ba zai bar marasa lafiya a Jidda ba." Ya zaro takarda daga aljihu. "Ga saƙon da na yi kwana goma sha biyu ina riƙo, an hana mu aika ko tsinke. Akwatinsa kuwa masu jirgi ne suka turo."

Aka kira Maijidda, ta karanta, hawaye na ɗiga a kai:

"Jiddata, kada ki yi fushi. Mutum arba'in ne a hannuna, wasu ko ruwa ba sa iya ɗauka. Akwatina zai riga ni, ni sai an buɗe hanya. Ki ce wa Inna lafiyata ƙalau. Ki ce wa Baba aikin nan da yake ƙyama ne ya riƙe ni, ya yafe mini. Hular ta yi datti, babu mai wanke mini."

Inna Talatu ta rangaɗa guɗa a tsakiyar gidan makoki.

Sai da aka ƙara sati biyar kafin jirage su tashi, ya kuma yi nasa zaman killacewar a Kano. Ya sauka tashar Zariya a rame, don shi ma murar ta kwantar da shi. Koren zaren hular ya koɗe gaba ɗaya.

"Sannu da zuwa, Alhaji dispensa," in ji Maijidda. "An yi maka kuka na kwana takwas, sai ka biya."

"Da me zan biya, Jiddata?"

"Ba ni hular nan in wanke."

Aka ɗaura aure ranar Juma'a a ƙofar gidan Malam Gwadabe. Geron da aka surfa don gumbar sadaka, shi aka dama furar biki da shi. Bayan an shafa fatiha, tsohon ya kamo hannun ango, hannun nan da ya ce zai kwaso cuta, ya riƙe shi da hannu biyu.

"Yadda ka ƙi barin bayin Allah a can, kada ka bar mini ita. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuriya ta gari."

Jama'a suka amsa da amin. A cikin gida Inna Talatu tana goge akwatin ƙarfen, don a ciki za a zuba kayan amarya.