Ruwan Zafin Magariba

Rana ta yi ja a kan gonakin masara lokacin da wayar Lauratu ta yi ƙara. Saƙo ne daga firjinta, wai ƙofarsa a buɗe take. Ta ajiye butar alwala, ta zura hijabi, ta fita ta tari ɗan acaɓa.

Ɗakin da take haɗa kindirmo yana can bayan garin Bakori, a wani ɗan fili da mijinta ya rasu ya bar mata. Shi kaɗai ne abin da take tsaye a kansa. Yayanta Maitama ya sha ce mata ta sayar ta koma gidansa a Malumfashi, tana ƙi. Shekarar farko aikin ya kusa kashe ta. Ita ce dafa madara, ita ce ɗurawa a robobi, ita ce wanki, ita ce amsa waya, har wata rana jiri ya kayar da ita a bakin tukunya, ba wanda ya sani sai da ta farfaɗo da kanta.

Daga nan ta kira Abdussamad, mai haɗa sola a Funtuwa. Ya sa mata tukunyar lantarki mai riɓi biyu, madara a ciki, ruwan zafi a tsakani. Ya sa firji mai kai ƙara a waya. Ya gyara mata wayar yadda duk wanda ya turo saƙo zai sami amsa nan take: "Mun gode, saƙonku ya iso, za mu duba." Sai kuma wani ɗan agogo a bango, wanda ke buɗe famfo da kansa ya zubar da ruwan tukunyar ta bayan ɗaki.

"Daidai faɗuwar rana zan saita shi, Hajiya," in ji shi. "Lokacin kin gama, kin tafi gida."

Ta ce to. Kakarta Tsohuwa ba ta taɓa watsa ruwan zafi a ƙasa ba sai ta ce, "Bismillahi, a kauce, ga ruwan zafi," saboda waɗanda ba a gani, ballantana da magariba da suke fitowa da 'ya'yansu. Lauratu ma haka ta taso tana yi. Amma tunda yanzu ba hannunta ke zubarwa ba, abin bai ko zo mata a rai ba.

Ta sami hutu, gaskiya. Sai dai hutun ya zo da shiru. Takan wuni ba ta yi magana da kowa ba, sai ƙugin firji. Kwanan nan kuma madararta ta fara tsinkewa ba dalili, masu shaguna suna dawo mata da kaya. In aka ci gaba a haka, gidan Maitama ne makomarta.

Ɗan acaɓan ya sauke ta a bakin burtali.

"Ka ɗan jira ni, yanzu zan fito."

"Ayya Hajiya, salla zan kama," ya ce, ya juya.

Ƙarar babur ɗin ta yi nisa, ta ɓace. Ba iska, amma busasshen ganyen masara yana ta kas-kas a gefen hanya.

Kwaɗon ƙofa yana nan a kulle yadda ta bar shi. Ta buɗe ta shiga. Firji a wangale, sanyinsa yana lasar ƙafafunta. Roba ɗaya babu a sahun gaba.

A ƙasa akwai ɗigon kindirmo. Fari, ɗis, ɗis. Ya bi ta gindin bango ya fita ta ƙarƙashin ƙofa.

Ta bi shi ta zagaya baya.

Warin ne ya fara tarar ta. Ƙauri, irin na fatar da ta sha wuta.

Wata mace ce zaune a bakin bututun ruwan, ta juya mata baya. Doguwa ce, ko a zaune kanta ya kusa kai taga. A cinyarta akwai yaro kwance rub da ciki. Tana lakato kindirmo daga robar tana shafa masa a baya. Bayan duk ya saɓule.

Lauratu ta buɗe baki za ta yi sallama. Matar ta riga ta.

"Maƙwabciya," in ji matar, a hankali, ba ta waiwayo ba. "Yau kin zo da kanki."

"Baiwar Allah... daga ina?"

"Daga nan. Nan ne ƙofar gidanmu, tun kafin a haifi mai filin." Ta sake lakato kindirmo. "Na yi ta aiko miki."

Nan take Lauratu ta tuna. Wasu saƙonnin murya da ke shigowa kullum da magariba, ba suna, ba lamba. Ta taɓa buɗe ɗaya, ba ta ji komai ba sai huci da wani abu kamar kukan mage. Ta bar wa waya ta amsa.

"Kullum ki ce saƙona ya iso," in ji matar cikin raɗa. "Kullum ki ce za ki duba."

"Wallahi ba ni ba ce. Inji ne."

"Ruwan ma inji ne?"

Yaron ya yi wani ɗan nishi.

Matar ta ci gaba, "Ke kaɗai ce, na gani. Shi ya sa na yi haƙuri. Na taɓa madararki ko za ki ankara, ba ki ankara ba. To gobe ba za ki tarar da ɗaki a nan ba."

Daga can cikin gari ladan ya ɗaga murya.

A cikin ɗaki agogon ya yi ƙit.

Lauratu ta san wannan ƙarar. Famfo na shirin buɗewa. Ta zabura za ta ruga ta kashe, sai ta ji an cafke mata tsintsiyar hannu. Matar ba ta motsa daga inda take ba. Hannunta ne ya miƙo, ya yi ta miƙowa. Sanyi kamar ƙanƙara.

"Tsaya ki gani."

Bututun ya fara gurnani.

Yaron ya zame daga cinyar uwar. Ya rarrafa, kai a ƙasa, ya nufi bakin bututun, inda ya sani a matsayin ƙofar gida.

Tururi ya fara fitowa.

Ba ta yi tunani ba. Maganar Tsohuwa ce ta ɓalle daga bakinta.

"Bismillahi! A kauce! Ga ruwan zafi!"

Ta faɗi a gwiwa, ta kai ɗaya hannun ta ture yaron gefe. Ba shi da nauyi ko kaɗan, kamar ta ture buhun auduga.

Ruwan ya sauka a kan hannunta.

Ta ƙwalla ƙara. Riƙon ya saki.

Babu mace. Babu yaro. Sai robar kindirmo tana juyawa a ƙasa, da tururi.

Dab da kunnenta aka ce, "Abin da muke jira ke nan."

Ta tashi ta faɗa cikin masara, karan yana yankar fuskarta, ba ta tsaya ba sai a bakin titi, inda wani mai motar kaya ya taka burki ya kwashe ta zuwa asibiti a Funtuwa.

Washegari Maitama ya iso, ya dubi hannun a naɗe, ya girgiza kai.

"To, uwar taurin kai. Yanzu kin yarda ki tattara? Mace ita kaɗai a daji, ba maƙwabci ba kowa."

"Ina da maƙwabta, Yaya," ta ce. Bai gane ba.

Da aka sallame ta ta tarar da ɗakin a tsaye, madarar da ta bari ta kama lafiya lau. Ta kira Abdussamad ta ce ya bar komai yadda yake, firji da sola da amsar waya, agogon famfo kawai zai cire.

"Hajiya, ai shi ne ya fi rage miki wahala."

"Cire shi dai, Malam."

Har yau tana can. Tabon ya kama daga wuyan hannu zuwa gwiwar hannu. Takan bar ruwan ya kwana ya huce, da safe ta zagaya baya da kanta, ta tsaya a bakin bututun ta faɗi kalmomin, duk da ruwan ya yi sanyi. Sannan ta ɗan dakata kafin ta murɗa famfon.

Wani lokaci ba ta jin komai. Wani lokaci kuma, daga ƙasa, a hankali, akan ce, "To, maƙwabciya."

Sau da yawa, a duk wunin, wannan ce kaɗai muryar da ke amsa mata.