Aninan Baba Jonathan

Ranar Litinin da hantsi aka kawo ƙara ofishin 'yan sanda na Kafanchan, wai an yi wa wani tsoho sata a unguwar ma'aikatan Reluwe. Insfekta Damaris Tagwai ta ɗauki hularta ta tafi da kanta.

Ta tarar da Baba Jonathan, tsohon direban jirgin ƙasa, zaune a baranda da gwangwanin biskit a cinya. Shekara uku ke nan da idonsa ya mutu.

"Me aka ɗauka, Baba?"

"Kuɗin da ba ya sayen ko gishiri, 'yata. Anini, kwabo mai huda, sisi, sule. Kuɗin wuri na kakata kawai aka bar mini."

Ya ce duk shekara yakan kai su firamare, yara su taɓa, ya ba su labarin yadda wuri ya ba anini hanya, da yadda fam da sule suka kwanta a 1973 naira ta tashi. Jiya ya ɗauko gwangwanin, sai yatsunsa suka ji baƙon ƙarfe.

"Hudar tana nan, amma babu tauraro, babu rubutu."

Damaris ta leƙa. Wasoshin noti ne aka zuba, masu huda a tsakiya, don a yaudari makaho. Ta tuna kwabon da kakarta take ratayawa a zare, a Zonkwa, sai ranta ya ɓaci. Ta shinshina ɗaya. Baƙin mai, da yajin citta.

Ta kira Serah, 'yar tsohon, wadda ke zaune a gidan da mijinta.

"Wa ke shiga ɗakin Baba?"

"Ni kaɗai, Madam. Maigidana Justin yana Kasuwan Magani tun Laraba."

"Mene ne aikinsa?"

"Gyaran injin yankan citta."

Serah ta faɗa, sannan ta kama bakinta. Damaris ta rubuta.

Daga nan ta nufi layin maƙera a kasuwa, inda ake narka tsohon kuɗi. Saifuddeen, mai ƙera zobe, ya rantse bai taɓa ganin tsohon kuɗi ba. Damaris ta ɗaga wani sabon zobe daga faifansa ta juya shi a rana. A ciki ga ragowar ganyen kwakwar manja, irin na bayan sule.

"Wannan itacen, kai ka shuka shi?"

Maƙerin ya share gumi. Ya jawo ƙullin leda daga ƙarƙashin benci.

"Wani bakanike ne ya kawo ranar Juma'a. Ya ji ana cewa akwai zinariya a ciki. Na ce masa babu, ya ce in ba shi ko nawa ne. Sule ɗaya kawai na taɓa, wallahi."

A shagonsa na bayan tasha aka sami Justin, ba a Kasuwan Magani ba. Damaris ta kawo shi gaban surukinsa, ta zube wasoshin a tabarma.

"Na injinka ne, ko in kira masu citta su duba?"

Justin ya durƙusa. "Ni ne, Baba. Na ɗauka ba za ka gane ba. Serah ta gan ni, na roƙe ta ta yi shiru."

Tsohon ya karɓi ƙullin kuɗin. Ya kwance ledar yana shafa kuɗin ɗaya bayan ɗaya, yana kiran sunayensu kamar mai gaida tsofaffin abokai. Da ya ƙare sai ya sake lalubawa.

"Ina sulen da ke da tsaga a baki?"

Damaris ta sa masa zoben a tafin hannu. Ya daɗe yana murza shi.

"Da shi na saya wa matata Miriyam ƙosai a tasha, ranar da na fara ganinta. Ta bi mai ƙosan ta canzo shi, ta ajiye. Sai da ta rasu na same shi a cikin Littafinta Mai Tsarki."

Serah ta fashe da kuka.

"Tashi mu je," Damaris ta ce wa Justin.

Wani kofur da ya rako ta ya kama hannun Justin suka nufi mota. Har suka fita daga layin, Justin bai ɗaga kai ya dubi barandar ba.