Layi Biyun da Twumasi Ya Goge

"Ina layi biyun da na rubuta a nan?"

Twumasi bai ɗago kai daga kwanon fufunsa ba. Sai da ya haɗiye loma, ya suɗe yatsa, sannan ya ce, "Gyara miki na yi, farin cikina. Takardar ta yi tsawo."

"Tsawo? Ka bar ƙungiyar mawaƙan coci, ka bar gasar muhawarar sakandare, sai aikin da na yi a teburin babana ne ya yi maka tsawo?"

"Afrakoma, rage murya mana, ana kallonmu..."

"A kalla!"

A gidan abincin Maame Dufie muke a unguwar Adum ta Kumasi, rana tsaka, wurin cike da ma'aikatan kotu. Wata biyu ke nan da rantsar da ni lauya a Akra. Amma hular gashin nan ta lauyoyi da baƙar riga ado ne kawai, har sai mutum ya yi zaman koyon aiki a ƙarƙashin babban lauya, ya sa masa hannu, sannan a ba shi lasisi. Ofis goma sha bakwai na kai takardar neman gurbina a Kumasi, har dunduniyar takalmina ta cinye, ko "mun gani" babu wanda ya ce mini. Shi ne Twumasi, saurayina na shekara huɗu, ya ce in kawo ya miƙa wa uwar ɗakinsa, Lauya Pokuaa Dwomoh, inda yake aiki shekara biyu.

Layi biyun kuwa ba wani abu suka ce ba illa: shekara shida ina buga wasiƙu da takardun rantsuwa a teburin Agya Fofie, bakin ƙofar kotu.

Agya Fofie babana ne. Shekara talatin da ɗaya yana zaune a gindin wata darbejiya da ke wurin da tafiretarsa, yana rubuta wa waɗanda ba su iya rubutu ba. Da wannan tafiretar ya kai ni har inda na kai.

"Ba ki san lauyoyi ba," in ji Twumasi ƙasa-ƙasa. "'Yan gindin bishiya suke ce musu. Cewa suke suna yi musu kutse a sana'a, suna ɓata wa mutane takardu. Siniya, uwar ɗakina, ta ga wannan layin, kwandon shara za ta jefa ki. Ni so nake ki samu!"

"Kunyarsa kake ji."

"Haba, ni?"

"Kai ɗin fa! Kai da kake zuwa gidansa duk Lahadi kana share masa doya da miyar ganye har da neman ƙari. Doyarsa ba ta yi maka tsawo ba, sai sunansa?"

Na fizge takardar na tashi. Washegari na buga tawa yadda take, na hau benen ofishin Lauya Pokuaa da ƙafata, na miƙa wa sakatariya.

Sati uku ban ɗaga wayarsa ba. Ba zan ɓoye ba, ina sonsa, son da har haushin kaina yake ba ni. Wayar na ƙara, sai in kife ta a kan tebur in ci gaba da taya Baba jera takardu.

"Ina ɗan lauyan nan mai cin abinci kamar an aiko shi?" Baba ya tambaye ni wata Lahadi. "Doyata na ta kwantai."

"Aiki ya yi masa yawa, Baba."

Ya kalle ni ta saman tabarau. Ban gaya masa ba. Da wane bakin zan ce masa yaron da yake kira ɗansa ya goge shi?

Sai ga saƙo daga ofishin Lauya Pokuaa, wai in zo ganawa ran Talata.

Mu tara ne, gurbi ɗaya. Kowa ya sha kwat, turare kamar a kasuwar Kejetia. Wani ɗan gayu a gefena sai faɗi yake kawunsa alƙali ne, ba tare da an tambaye shi ba. Lauya Pokuaa ta shigo, 'yar guntuwar mace mai furfura, tabarau rataye a wuya. Twumasi na biye da ita rungume da fayiloli. Ya kalle ni, na kalli bango.

Ba ta tambayi kowa makinsa ba. Takardar rantsuwa mai shafi huɗu ta sa aka raba mana, ta wata tsohuwa da ake rigimar gonar koko da ita.

"Gobe za a shigar da ita kotu," ta ce. "Minti goma. Ku gaya mini ko a shigar."

Nan fa alƙaluma suka hau aiki. Ni kuwa shafin ƙarshe na fara buɗewa, don haka Baba ya koya mini: takarda daga gindinta ake fara duba ta. Ina gani na ajiye biro. Ko minti ɗaya ban yi ba.

Da lokaci ya cika, kowa ya zuba iliminsa. Wannan ya kawo sashen doka, waccan ta ambato shari'o'i uku da shekarunsu, ɗan gidan alƙali ya yi jawabi har da buga tebur. Duka dai sun yarda a shigar bayan 'yan gyare-gyare.

"Ke mai hutawa fa?" Siniya ta juyo kaina. "Na ga kin riga kowa gajiya."

"Kada a shigar, Siniya."

"Saboda?"

"Tsohuwar yatsa ta dangwala, ba ta iya karatu ba. Kuma babu inda aka rubuta cewa an karanta mata takardar, an fassara mata da yarenta na Twi, ta fahimta kafin ta dangwala. Babu sunan wanda ya fassara, babu adireshinsa. Lauyan ɗaya ɓangaren zai miƙe ya ce baiwar Allah ba ta san abin da ta rantse a kai ba. Shi ke nan shafi huɗun sun tashi a banza, gona kuma ta shiga uku."

Siniya ta matso gabana.

"A wane aji aka koya miki?"

"An taɓo shi a makaranta, rabin awa. Amma a teburin babana na iya. Shi ko wasiƙar gaisuwa ce ba ya barin mutum ya dangwala sai ya karanta masa sau biyu."

Ta sa tabarau, ta jawo takardata, ta bi ta da yatsa har ta tsaya a inda na san za ta tsaya.

"Au, 'yar gindin bishiya ce ke?"

"E, Siniya. Tebur na uku daga ƙofar kotu."

"Kin san abin da muke faɗa a kanku?"

"Na sani. Mu ma akwai abin da muke faɗa a kanku."

Wata ta ja numfashi. Ni kaina sai da na ce a raina, Afrakoma, bakinki ya kashe ki! Siniya ba ta yi dariya ba, ba ta kuma ɓata rai ba. Waiwayawa kawai ta yi.

"Lauya Twumasi, wa ya rubuta takardar rantsuwar nan?"

Allah Sarki! Ya sunkuyar da kai.

"Ni ne, Siniya."

"To. Ku je, za ku ji daga gare mu."

Laraba shiru, Alhamis shiru. Na fara lissafin ofis na goma sha tara.

Ran Juma'a da hantsi ina gefen Baba ina riƙe masa takardar kwafi, sai wata baƙar mota ta tsaya daidai darbejiya. Tafireta shida suka yi shiru lokaci guda. Lauya Pokuaa ta fito cikin baƙar rigar kotu, Twumasi a bayanta kamar wanda za a kai wa alƙali. Ta bi tsofaffin tana ba su hannu daga dama zuwa hagu, sannan ta zauna a bencin da masu kawo rubutu suke zama. Na kawo mata ruwa. Sai da ta sha, Baba ya tambaye ta abin da ke tafe da ita.

"Lafiya ce, Agya. Yaron nan ne ya gudo wurina ya kama ƙafata, ya ce ya yi laifin da bakinsa ba zai iya roƙo shi kaɗai ba. Ka san babba ba ya korar wanda ya kama ƙafarsa. Shi ne na zo in roƙa masa." Ta harare shi. "Faɗi da bakinka."

Twumasi ya tuɓe takalmi, ya durƙusa a ƙasa da kwat ɗinsa, ya ɗora bayan hannun dama a tafin hagu.

"Agya... da Afrakoma ta ba ni takardarta, na goge sunanka. Na ce don in taimake ta ne. Ƙarya nake, tsoro na ji kada a yi mini dariya a ofis. Ka yafe mini."

Na runtse ido. Abin da na yi sati uku ina ɓoyewa ke nan, ga shi an zazzage a gaban abokan sana'arsa.

Baba ya dube shi sama da ƙasa. Can sai ya tuntsire da dariya har da buga cinya.

"Sunana ka goge? Yaro, juya ka kalli ginin can. Takardun da ke ciki masu sunana da adireshina a gindinsu sun fi dubu goma. Je ka goge su, in ka gama ka dawo in ba ka na jiya!"

Gindin bishiya ya kaure da shewa. Siniya ma sai da ta rufe baki da hankici.

"Ni na yafe," Baba ya ce yana share ido. "Amma ga wadda ta sha kukan can. Kana tsammanin ban ga idonta ba?"

Twumasi ya juyo da gwiwoyinsa wajena.

"Afrakoma, rabin raina... sati uku ko fufu ba ya shiga."

"Ƙarya kake, kumatunka ba su ragu ba."

"Na rantse sun ragu, taɓa ki ji!"

Na cije leɓe don kada dariya ta kuɓuce mini, amma ina! Ta riga ta fito, tare da hawaye.

"Tashi, kana ɓata wando. Saura ka sake."

Siniya ta miƙe tana kakkaɓe riga. "To, ga nawa saƙon kuma. Litinin, bakwai da rabi, Lauya Afrakoma. Ba na son latti. Duk takardar da wannan ya rubuta kuma, ta teburinki za ta bi kafin ta iso nawa." Ta juya ga Baba ta ɗan rusuna. "Agya, na gode da ka fara horar mini da ita."

Dariyar Baba ta ɗauke. Ya sunkuya yana taɓa zaren tafireta kamar wani abu ya lalace, alhali lafiyarsa ƙalau. Na ga ɗigo biyu sun faɗa a kan takardar da ke ciki. Tunda nake ban taɓa ganin ya ɓata takardar mutane ba.

Sai ya miƙe, ya gyara zanensa a kafaɗa, ya ɗaga murya yadda har masu gadin kotu suka waiwayo.

"Kai, 'yan gindin bishiya! Zama kuke? Ku tashi ku gaida lauya!"

Tsofaffi biyar suka ture kujerunsu suka miƙe, mutanen da suka goya ni ina ƙarama, suka saya mini ƙosai, suka koya mini inda haruffa suke. Suka jeru tare da babana, suka rusuna mini.

Kuka na fashe da shi sosai, a bakin kotu, a gaban uwar ɗakina. Twumasi ya lallaɓo ya kama hannuna, ni kuma ban ƙwace ba.