Ƙasar Shuri a Cikin Dainoso

Jifan farko ya sauka ne gab da magariba, lokacin da kaji ke neman akurki, hayaƙin murhu ya kwanta a tsakar gida ya ƙi tashi. Jamila na tuƙa tuwo. Mijinta Awaisu na zaune a ƙofar ɗakin aikinsa, ya ɗora wani dodon roba a cinya yana fitar mashi da ɓawon fata da tsinke. Abin ya daki kwanon rufi, ya gangaro a hankali, a hankali, ya faɗo gaban ƙafarsa.

Awaisu ba mutum ne da ake taɓawa a wuce ba. Ya fita lungu da takalmi ɗaya yana ambaton iyayen yaran unguwa, bai tarar da kowa ba sai akuya tana tuƙa. Da ya dawo ya ɗauki abin, ya ga ashe ba dutse ba ne. Ɓarin jar ƙasa ne mai ƙananan ramuka, kuma da ɗuminsa, kamar yanzu aka ciro shi daga hammatar wani.

Sana'ar Awaisu babu mai irinta a duk Malumfashi, babu kuma wanda ya koya mashi. Yakan je Funtua ya tsinto 'yan dainoso na roba a cikin kayan wasan gwanjo, wato manyan ƙadangarun nan da aka ce sun yi zamani sun ƙare kafin ɗan Adam. Ya yanke su, ya sake musu tsayuwa da waya, ya gina musu nama da jijiya, ya yi fenti har ka rantse numfashi suke yi. Hoto yake ɗauka a waya, masu saye daga Kaduna da Abuja su aiko. Maƙwabcin da ya taɓa ce mashi ƙera sura ba kyau, amsar da ya samu ita ce, "Wanda ya taɓa ganin mai wannan sura da idonsa ya zo ya kai ni ƙara."

Abin da ya daɗe yana ci mashi rai shi ne abin da zai gina naman da shi. Yumɓun masu tukwane in ya bushe sai ya tsuke, ya tsage, ya saki robar. Kakin zuma ya gwada, wani dodo ya narke a bayan mota kafin a kai Zariya, ya isa hannun mai shi kamar tuwon da aka zauna a kai. Farar hodar da ake silin da ita gautsi gare ta, ko tari ka yi kusa sai wutsiya ta faɗi. Yumɓun Turawa kuma sai an gasa, kafin ya gasu robar ta zama miya. Wanda ya yi mashi daidai shi ne kwaɓin makanikai, mai kala biyun nan da ake murzawa a toshe yoyon ladiyetar mota. Yana karɓar zane, ya daskare kamar dutse, ruwa ba ya ratsa shi. Sai dai nauyi gare shi, ga tsada. A cika cikin babban dodo da shi, wannan aikin mahaukaci ne.

Ana cikin haka wata ranar kaka, yana dawowa a babur da almuru, ya tsaya kama ruwa a bayan gari, bakin hanyar Dayi. A gindin wata tsamiya ya ga tsohon shuri, gara ta daɗe da tashi. Ya sa diddige ya ɓantari gefensa, ya murza a yatsa, ya ji laushi kamar garin alkama. Ƙasar da gara ta riga ta tauna ta kwaɓa da yawunta, ai an gama mashi rabin aiki. Ya cika buhu. A gida ya jiƙa ta da ruwan ƙaro, ya gina cikin wani dainoso mai dogon wuya da ita, mafi girman abin da ya taɓa yi, tsawonsa ya kai kamu ɗaya da rabi. Da ta bushe ya lulluɓe ta da kwaɓin makanikai tun daga ƙeya har wutsiya, bai bar ko hudar allura ba.

Washegarin da ya gama fenti aka fara jifan.

Ba a fasa ba. Kullum rana ta yi ja, ƙasa ta fara sauka a kan kwano, ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa. Tsakanin jifa da jifa gidan yakan yi tsit har ka ji garwashi na tsagewa a murhu. Daga baya Jamila ta fara jin wani kuka siriri daga ɗakin aiki, kamar na ɗan kyanwar da aka kifa wa ƙwarya. Awaisu ya ce ɓera ne. Ta ce ɓera ba ya shessheƙa.

Sannan abin ya koma kan Najiba, ɗiyarsu, yarinya mai surutu irin na ubanta. Ta daina zuwa Islamiyya, ta daina cin abinci. La'asar na yi sai ta je ta durƙusa a ƙofar ɗakin aiki tana karce bango da farce har jini ya fito. An kai ta asibiti, aka duba jini, aka ce ba a ga komai ba. Wata yamma Awaisu ya kama hannunta zai ɗaga ta, sai ya ji kamar turmi yake ja. Ta juyo da kai sannu a hankali. Idanun nata ne, amma mai kallo ta cikinsu ba ita ba ce.

"Buɗe," ta ce, da muryar tsohuwa.

Jamila ta ajiye muciya. Ba ta ɗaga murya ba.

"Maigida, ka gama zagin yaran unguwa, ka gama zagin ɓeraye, ka gama zagin likita. Saura wa?"

"To me kike so in yi?"

"Ka tafi Kafur ka ɗauko Malam Haladu. In kuwa girman kai ya hana ka, ni zan yafa gyale in tafi da ƙafa."

Malam Haladu tsoho ne ɗan siriri, ba ya yawan magana, an san shi da ruƙiya har Musawa. Washegari ya iso bayan azahar a bayan babur ɗin Awaisu. Bai tambayi komai ba. Ya yi alwala, ya sa aka shimfiɗa tabarma a inuwar zaure, Jamila ta riƙe kafaɗun yarinyar, ya fara karatu a kunnenta na dama. Ya daɗe yana yi. Inuwar katanga ta miƙe ta ci rabin tsakar gida. Can Najiba ta sandare, yatsun ƙafarta suka lanƙwashe, ta saki wani dogon nishi da ba na ƙirjin yaro ba.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni."

"Wace ce ke, baiwar Allah?"

"Sunana ba zai amfane ka ba. Tambayi wancan mai bakin, me ya kwaso a gindin tsamiya."

"Ƙasa na ɗebo," in ji Awaisu. "Ƙasar Allah. Ko ubanki ne ya..."

Malam ya ɗaga yatsa ɗaya, ya katse shi.

"Ƙasar Allah," muryar ta maimaita. "Ɗakina ne. Na fita neman abinci, na bar ɗana yana barci a cikin bango. Wannan ya zo da almuru, ba sallama, ba bisimilla, ya sa ƙafa ya rushe, ya kwashe har da yaron. Da yumɓu ya rufe shi, da ya fito ta tsaga. Da kaki ne, da rana ta sake shi. Sai ya shafe shi da abin da ko iska ba ta ratsawa. Ina jin kukansa, ba ni da hanyar kai hannu. To ya riƙe nawa, na riƙe tashi."

Awaisu ya waiga ɗakin aiki. Dogon wuyan na tsaye a kan tebur, fentinsa na sheƙi. Kafin a ankara ya faɗa ciki, ya fito da shi a hannu ɗaya, guduma a ɗayan.

"In dai wannan ne, yanzu zan farfasa shi."

Bakin Najiba ya yi murmushin da ya sa Jamila ta rufe ido.

"Bismillah, fasa. Duk abin da ya sami nawa, zai sami taka."

Gudumar ta tsaya a sama. Malam ya miƙa hannu ya karɓe ta, ya ajiye a bayansa.

"A jiƙa shi a ruwa mana, ƙasar ta narke," Jamila ta ce.

"Ruwa ba ya cin sa," Awaisu ya amsa. Wannan maganar da bakinsa ya sha yin alfahari da ita gaban masu saye.

Malam ya juya ga yarinyar. "An zalunce ki, ban musa ba. Amma bai sani ba, ita kuma wannan ba ta yi miki komai ba. Za a fito miki da ɗanki. Ke kuma ki yi rantsuwa za ki fita, ba za ki dawo gidan nan ba."

"A yanka mini jan zakara a gindin tsamiya."

"Ba a yanka don kowa sai Allah. Ɗanki da ƙasarki, shi ne haƙƙinki. Ba ƙari."

Wata kurciya ta sauka a katanga, ta tashi.

"Na yarda. Amma kukansa ya yi rauni tun jiya. In rana ta faɗi bai sha iska ba, ba zai kai ba. In bai kai ba, Malam, karanta duk abin da ka haddace, da ita zan tafi."

Awaisu ya zauna a ƙasa, ya kwantar da dodon a cinya, ya jawo akwatin kayan aiki. Ya san kaurin abin da ya shafa, don shi ya shafa: bai fi ɓawon gyaɗa ba a haƙarƙari, ya fi kauri a gadon baya. Ya ɗauki guntun zarto ya fara ta haƙarƙarin. Kwaɓin ya yi ƙara kamar ana goga haƙori a dutse. Rana ta riga ta sauka kan rufin maƙwabta. Ya ƙara sauri, ya danna, sai zarton ya zurma.

Najiba ta ja numfashi. A damtsenta wani siririn jan layi ya bayyana, jini ya taru a bakinsa, ya gangaro.

"Ba nan ba," in ji muryar. "Nan hannunsa yake."

Awaisu ya saki zarton. Mutumin da ko layin gidan mai ba ya iya tsayawa sai ya yi faɗa da wani, yau an ce ya yi sauri, kuma kada ya yi sauri.

"Ina kansa?" ya tambaya, bai ɗago ba. "Ki gaya mini, don Allah."

"Gindin wuya. Ƙafafunsa na wajen wutsiya. Bi ta baya."

Ta wurin da ya fi kauri ke nan. Ya ɗauki reza ya ɓalle ta biyu, ya fara kankara, ba yanka ba, kankara, ƙwaya-ƙwaya. Fatar da ya ɓata makonni yana zanawa ta riƙa zuba a kan wandonsa kamar dusa. Rezar ta ci babban yatsansa, ta ci manuni, bai tsaya ba, sai dai ya goge jinin a riga don kada ya sa santsi. Malam na karatu ƙasa-ƙasa. Jamila ta zuba wa katanga ido, inda hasken ke hawa yana ƙanƙancewa, ya bar ƙasa, ya bar tsakiya, ya rage a kan tubalin ƙarshe.

Ja ya ɓullo a ƙarƙashin rezar. Ya ajiye ta, ya sa farce a tsagar, ya ɓanɓare a hankali kamar mai ɓare dafaffen ƙwai. Ɓawon ya ɗago. Wata iska mai sanyi ta fito ta shafi fuskarsa, mai ƙanshin ƙasar da aka yi wa ruwan farko. Sai kukan ya tashi, siriri, amma a fili, a tsakar gida, kowa ya ji.

Malam ya tura ƙwarya. Awaisu ya juye ƙasar a ciki da tafin hannu, bai bar ko ƙwaya a cikin robar ba.

Najiba ta miƙa hannuwa biyu ta rungume ƙwaryar, tana jijjiga ta, tana wani gunji a maƙogwaro. Kukan ya lafa.

"Ba zai iya tashi ba," in ji muryar, ta yi taushi yanzu. "Wanda ya ɗauko shi ya mayar da shi. Da ƙafa. Ba na son girgizar wancan ƙarfen."

"Zai kai shi. Rantsuwarki."

Ta rantse da Wanda ya halicci mutum da aljan. Yarinyar ta yi atishawa mai ƙarfi, jikinta ya saki, ta zube a ƙirjin uwarta. A masallacin unguwa ladan ya gyara murya.

Najiba ta buɗe ido. Ta dubi tsohon da ba ta sani ba, ta dubi ɓawon dodo a warwatse, ta dubi ubanta.

"Baba, me ya sami hannunka? Umma, yunwa nake ji."

Jamila ta fashe da kuka ba sauti. Awaisu ya matso kusa. Ya kai hannu zai shafa kan ɗiyar, ya ga jini, ya janye.

"Yi sallarka ka kama hanya," Malam ya ce. "Ana jiran ka."

Da ya idar, Jamila ta ciro sabon zane daga akwati ta lulluɓe ƙwaryar, ta soke gefe da gefe, ta bar 'yar kafa ta shan iska. Ya karɓa da hannu biyu. Ƙasar ba ta fi mudu ba, amma nauyinta ya wuce na mudu, kuma ɗumi na ratso ƙwaryar zuwa tafinsa.

Ya bi lungu, ya wuce masu shayi, wani ya kira shi da tsokana, bai tanka ba. Ya bar fitilun gari a baya, ya shiga tsakanin gonakin dawa da suka fi shi tsawo. A nan ya fara jin takun, a gefensa na hagu, dab da kafaɗarsa, karan dawa na kaucewa ba iska. Bai waiga ba. Ya yi tuntuɓe da kunyar gona, ƙwaryar ta girgiza, takun ya tsaya cak.

"Yi haƙuri," ya ce. "Zan bi a hankali."

Ya gyara riƙo, ya rage sauri. Takun ya ci gaba.