Mamacin Da Ke Samun Sauƙi

Da hantsi wata mata ta shigo ofishin Sufeto.

"Ranka ya daɗe, daga asibiti aka kira ni. Wai maigidana na samun sauƙi, kada ya fasa zuwa allura."

"To ai abin murna ne, baiwar Allah."

"Watansa huɗu a kabari."

Sufeto ya ajiye biro. Marigayin tela ne, yana cikin mutum arba'in da ake gwada sabon maganin kansar huhu a kansu. Kwana biyu bayan wata allura ya yanke jiki ya faɗi. Ita da kanta ta kai wa babban likita labarin rasuwar.

Sashen gwajin maganin na can ƙuryar asibiti, tsit, sai gurnanin firij. Wata nas ta buɗe wa Sufeto fayil ɗin tela. Fayil ya nuna sau huɗu ya zo bayan an binne shi, har da sa hannu.

"Sabuwa ce ni, yallaɓai. Lambar waya na gani, na kira."

"Kin taɓa ganinsa?"

"A'a. Likita ke yi masa allura da kansa, ƙofa a kulle." Ta rage murya. "Tarinsa dai muna ji."

Mai ɗaukar hoton ƙirji ya rantse bai san komai ba. Sufeto ya sa shi ya jera tsohon hoto da sabo a jikin fitila. A tsohon, an yanke rabin huhun hagu. A sabon, huhu biyu cif.

"Huhu yana tsirowa ne?"

Mutumin ya kalli hotunan. "Ban taɓa ganin fuskarsa ba. Ni nake saita injin, sai likita ya ce in fita."

Babban likita ya tarbi Sufeto da murmushi, rigarsa na reto a jikinsa.

"Kuskuren rubutu ne kawai."

"Naɗe hannun rigarka, likita."

Da ya naɗe, ga tabon allurai reras. Tari ya sarƙe shi, ya goge baki, hankicin ya yi ja.

"Ciwon ya kama ni bara," ya ce. "Mai gudanar da gwaji ba ya shiga gwajinsa. Da na rubuta tela ya mutu, da an dakatar da komai. Sai na ɗauki gurbinsa."

"Ka yi shiru, aka ci gaba da yi wa mutane allurar. Biyu sun bi tela."

"Uku," in ji likita, idonsa a ƙasa.

Sufeto ya saka masa ankwa, suka fito. Majinyatan da ke jira a benci suka miƙe don girmamawa. Wata tsohuwa, da ba ta lura da hannuwansa ba, ta riƙo gefen rigarsa.

"Likita, tun safe nake nan. Ba za ka yi mini tawa ba kafin ka fita?"