Muryar Kaka a Cikin Filashi

A wani gari an yi wata yarinya mai son tatsuniya. Duk wadda kakarta ta yi mata, sai ta naɗi muryar ta adana a kwamfutar gidansu.

Ran nan da hantsi yayanta ya shigo da rawar jiki, ya ce, "Matsa, zan sabunta babbar manhajar kwamfutar nan. Sabuwar ta fi sauri."

Ta ce, "To Yaya, bari in kwafe tatsuniyoyin Kaka a filashi tukuna."

Ya ce, "Ai ba abin da zai same su."

Ta ce, "Bari dai in kwafe tukuna."

Tana cikin kwafewa sai ga ƙawayenta suna kiranta wasan carafke. Ranta ya biya ƙwarai, amma ta ce, "Ku fara, bari in kwafe tukuna." Ba ta tashi ba sai da ta kwafe ta ƙarshe.

Yaya ya sabunta manhaja. Kwamfuta ta tashi fes, amma tatsuniya ko ɗaya babu. Ya dafe kai. Sai yarinyar ta miƙa masa filashi tana dariya.

Da suka mayar da tatsuniyoyin suka kunna, Kaka ta kasa kunne daga kan tabarmarta, ta ce, "Wace tsohuwa ce wannan mai surutu haka?"

Suka ce, "Ke ce, Kaka!"

Ta ce, "To ku ƙara sauti, ta iya labari."