Ƙarnin Ƙwai

"Wai yau ma sai na maimaita miki?" Malam ya faɗa daga bakin ƙofar kicin, yana ɗaura agogo. "Na Umma dafaffe, ruwa-ruwa, kada gwaiduwar ta daskare. Nawa ki soya ɓari ɗaya, kar ki fasa idon. Mene ne abin wahala a nan, Auta?"

Auta ba ta juyo ba. Ta tsaya gaban kasko, mayafi a kan hancinta, zuciyarta na tashi.

Tun da Umma, mahaifiyar mijinta, ta zo gidansu jinyar ƙafa, Auta ta daina taɓa ƙwai. Ranar farko ta ce ya ƙare. Washegari ta ce ta manta. Ita kuwa da can har wainar ƙwai take yi masa, ta kaɗa da albasa, ta naɗe kamar tabarma.

"Ko zuwan Umma ne ba kya so?" Ya rage murya. "Ki faɗa min gaskiya."

"Haba Malamina... ni?"

"To me ya canza ki?"

Maganar ta zo mata har baki, ta haɗiye. Sau biyu tana yi masa albishir, sau biyu cikin yana zubewa. A na ƙarshe ta gan shi a barandar asibiti ya kifa kai da bango yana kuka kamar yaro. Tun daga ranar ta yi alkawari ba za ta sake ɗora masa buri ba sai abin ya zauna.

Ta ɗauki ƙwai ta buga a gefen kasko. Farin ya fara tsuwwa cikin mai, ƙarnin ya bugi hancinta. Ta saki ɓawon, ta ture Malam daga ƙofa, ta ruga banɗaki.

Kafin ta fito ƙwan ya ƙone ƙurmus, hayaƙi ya cika falo.

"Kin kyauta!" Malam ya daka tsawa. "A gaban mahaifiyata! In kin gaji da mu ne..."

"Kai!"

Umma ce, ta dogaro sanda har tsakar falo. "Rufe min baki. Kashe wutar can, ka buɗe taga."

Ta kama hannun Auta ta ja ta ɗaki, ta zaunar da ita a bakin gado. Ta daɗe tana kallonta.

"Wata nawa?"

Auta ta fashe da kuka. "Umma, don Allah kada ki gaya masa... In ya sake zubewa ba zai iya ɗauka ba. Ke ma na san kin gaji da jira."

"Ni na ce miki na gaji?" Umma ta goge mata hawaye da bakin zanenta. "'Yar nan, kafin in samu wancan mai ihun, ni ma na sha irin wannan. Na san tsoron da kike ciki. Amma kayan da aka ɗaure don mutum biyu, mutum ɗaya ba ya ɗauka."

Motsi suka ji. Malam na tsaye a bakin ƙofa, tsumman goge kasko a hannunsa, idanunsa jajur. Ya ji komai.

Umma ta miƙe. "Matsa in wuce, sakarai. Ga ilimi, ba lura."

Ya durƙusa a gaban matarsa.

"Ke kaɗai kika riƙe wannan? Ni kuma ina nan ina rigimar gwaiduwa..." Ya kama hannayenta. "Ki yafe min, hasken idona."

"Tsoro nake ji, Malamina. Kullum da shi nake kwana."

"Ni ma yanzu ya kama ni," ya ce. "Sai mu ji shi tare. Ko me Allah ya rubuta, ba ke kaɗai zai samu ba."

Ranar bai je makaranta koyarwa ba, asibiti ya kai ta. Likita ta ce ta kwanta ta huta, ban da tsayuwa a kicin. Umma, wadda ta zo a yi jinyarta, ita ta koma mai jinya, ta ƙi komawa gida.

Cikin ya sha ba su tsoro, amma ya zauna. Ranar da aka miƙo wa Malam 'yarsa a cikin tawul, sai ya tsaya yana kallonta kawai, ya kasa karɓa.

"Karɓi mana," Auta ta ce daga kan gado, tana dariya tana hawaye. "Wannan karon tamu ce."